Ta'aziyyar ƙungiya: abin da muka kai wa Hajiya da abin da muka je ɗaukowa

Ni na rubuta takardar da hannuna. Gara in faɗi wannan tun farko, kada wani ya ce na zo shafin nan ne in tona asirin 'yan'uwana in ware kaina. Shekara 11 ke nan ina sakataren ƙungiyarmu ta 'yan albasa a nan Kumasi. Ba wai na fi kowa ilimi ba, ni ne dai ba a raba ni da biro a aljihu. Firamare kawai na yi a garinmu can ƙasar Tawa, ita ma da Faransanci. Ingilishin da nake lallaɓawa da shi a jikin tsofaffin jaridu na tsince shi, ina zaune bakin rumfa ina jiran tirela.

Shugabanmu ya rasu wata Talata bayan la'asar. Ba zan kama sunansa ba tunda iyalinsa na nan da ransu. Alhaji kawai zan ce, mai ɗakinsa kuma Hajiya. Ya haura shekara 40 a garin nan. Kusan duk wanda ka gani a cikinmu yana saɓa babbar riga yau, a zauren Alhaji ya fara shimfiɗa tabarma ranar da ya sauko daga mota da 'yar jakarsa. Ni ma haka. Shi ya tsaya mini aka ba ni buhu biyar na farko bashi, shi ya je ya fito da ni ranar da aka tsare ni a kan takardu, shi kuma ya karɓa mini aure. Ya bar mace ɗaya da 'ya'ya biyar, babban namiji yana da shekara 19.

Motoci sun yi ta zuwa

Wanda bai ga zaman makokin babban mutum a zango ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Tun daga ranar Laraba da muka kai shi makwancinsa, layin gidan ya toshe. 'Yan albasar Accra sun zo da bas guda. 'Yan goro sun zo, 'yan shanu sun zo, direbobin tirela sun zo, ƙungiyar 'yan garinsu ta zo, matan kasuwa Asantawa da ke sarar kaya a hannunsa sun zo cikin baƙaƙen zannuwansu suna kuka tsakani da Allah. Kowace ƙungiya da shugabanta da mai magana da yawunta, kowace da takarda da ambulan. A tashi a yi jawabi, a yi addu'a, a shafa, a ɗauki hoto.

Sannan a zauna a ci abinci.

Ban ga laifin kowa a lokacin ba, don ni ma na ci. An yi hayar rumfunan tamfol huɗu da kujerun roba. Mata na bayan gida tun asuba a kan murhu: koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana, tuwo da dare. Ranar sadakar uku aka soya masa kwando-kwando. Ruwan leda kuwa sai a ce rijiya aka buɗe. Babu ɗaya daga cikinmu da ya tsaya ya ce, jama'a, wai daga aljihun wa wannan hidimar ke fita? Daga baya muka sani. Daga akwatin Alhaji take fita, wato daga dukiyar da tun ranar Talatar nan ta zama ta marayu, tun ba a raba ba.

Ga kuma wata ɓarna da ta faru muna zaune. Ranar da ya cika, Alhaji yana da tirela a hanya, ta taso daga Galmi, ta ratso Burkina, ta riga ta wuce Tamale. Ranar Alhamis ta iso. 'Yan dako suka sauke kayan suka jibge, kowa ya koma gidan makoki. To albasa ai ba ta san zaman makoki ba. Kwana uku tana kwance a tsibe, rana ta buga, yayyafi ya taɓa. Da aka waiwaye ta, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Mu 'yan albasa ne fa, mun fi kowa sanin haka. Amma kowa na ganin in aka gan shi a rumfa yana cinikin kayan mamaci, za a ce bai damu da rasuwar ba.

Bayan labule

Mu 'yan ƙungiyarsa muka ce namu zuwan na musamman ne, sai ranar bakwai. Na kwana biyu ina gyara takardar. Na kira shi bango abin jingina, na kira shi rumfa sha shirgi, na ce ƙungiya ta yi alkawari iyalinsa ba za su yi kukan maraici ba muddin muna numfashi. Muka haɗa sidi 3,000 a ambulan. Mu biyar muka shiga: mataimakin shugaba, ma'aji, dattawa biyu da ni.

Hajiya na cikin ɗaki tana takaba, labule a sake, yayarta na zaune a bakin ƙofa. Muka yi sallama, muka durƙusa.

"Hajiya, ya haƙuri?"

"Da godiya. Allah ya ba da lada."

Na karanta takardar, muryata na rawa. Aka yi addu'a, aka miƙa ambulan ta hannun yayarta. Sai ma'aji ya taɓa ni da gwiwar hannu, don tun a waje an riga an shirya ni zan yi maganar. Na gyara murya na ce, "Hajiya, a yi mana afuwa, ba lokacinsa ba ne, amma akwai littafin ƙungiya da kuɗin asusu da ke hannun marigayi. Sannan muna son hotonsa mai kyau za mu buga kalanda. In da hali kuma, sandarsa, za mu rataye a ofis don tunawa."

Ɗakin ya yi tsit. Can sai muka ji ta ce, a hankali, ba faɗa ba hayaniya:

"Malam Sakatare, na ji takardarku, Allah ya saka da alheri. Littafi na nan cikin akwati, ba wanda ya taɓa. Sai dai littafi biyu ne a akwatin, ɗaya naku, ɗaya nasa. Nasan shi ne wanda yake rubuta mutanen da yake bi. Jiya da dare na sa yaro ya karanta mini. Tun Laraba nake jin muryoyi ta bayan labulen nan suna mini ya haƙuri, kuma masu muryoyin sunayensu na ciki. Har yanzu ban ji wanda ya ce, Hajiya, ga abin Alhaji a wurina ba."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Sunana na cikin littafin nan. Buhu 20 na ɗauka tun kafin babbar salla, muka yi da shi sai kasuwa ta buɗe. Ba niyyar cinyewa nake da ita ba, Allah shi ne shaida. Amma a cikin kwana bakwai ɗin nan, na sami lokacin zaɓen kalmomi masu daɗi, na sami lokacin tuna sanda da kalanda, ban sami lokacin tuna buhu 20 ba. Na saci kallon mutum huɗun da ke gefena, na ga kowa ya sunkuyar da kai. Ashe ba ni kaɗai ba ne.

Ta sa aka miƙo mana littafin ƙungiya da kuɗin a ƙulle cikin leda, ko sisi bai yi ciwon kai ba. Ta ba da hoton. Sandar ce ta ce a bar wa yara. Muka fito kamar kajin da ruwa ya daka.

Abin da Ticha ya gaya mini

Ina da wani maƙwabci, tsohon malamin makaranta, Ba'asante ne Kirista, kowa Ticha yake ce masa. Mun fi shekara 20 katanga ɗaya. Ɗan loji ne. Waɗanda ke zaune a Ghana sun san su: ƙungiyoyin 'yan'uwantaka irin su Firimason da Odd Fellows, waɗanda suka shigo tun ƙarni na 19 ta garuruwan bakin teku kamar Cape Coast. In ɗayansu ya mutu za ka gan su a jere cikin baƙaƙen kwat da fararen safar hannu, suna raka gawa. Mu a zango nesa-nesa muke da su, malamanmu kuma sun yi hani ga Musulmi ya shiga. Ina kan wannan, kuma ba kiran kowa nake zuwa gare su ba. Amma maƙwabci maƙwabci ne, kuma Ticha ya zo ta'aziyyar Alhaji har sau biyu.

Daren nan ya same ni zaune a ƙofar gida na yi tagumi. Na ba shi labari, ban ɓoye masa har da buhu 20 ɗin ba. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Maigida, kada ka ɗauka ku kuka fara. Mu ma da muke taƙama da iya rubuta takardar ta'aziyya, akwai wata da 'yan loji ke alfahari da ita fiye da shekara 200, kuma in ka duba ƙarshenta roƙo ne." Ya ce in nemi labarin matar shugaban Amurka na farko. Na sa 'yata da ke sakandare ta tayar da ni karatu, muka bi labarin dare uku. Ga abin da na samu.

Matar shugaban Amurka na farko

Joj Washinton ya rasu daren 14 ga Disamba 1799 a gidan gonarsa da ake kira Mount Vernon, a jihar Bajiniya, yana da shekara 67. Ciwon maƙogwaro ne ya kama shi bayan ya yini a kan doki cikin sanyi da ƙanƙara, kwana biyu ya gama da shi. Ɗan Firimason ne tun 1752, yana saurayi. Ranar 18 ga wata da aka binne shi, 'yan lojin garin Alexandria ne suka yi masa nasu bikin binnewa, kuma shugaban lojin, Elisha Dick, yana cikin likitocin da suka tsaya a kansa har ya cika.

Matarsa Marta tana da shekara 68 a lokacin. Sun yi kusan shekara 41 tare. Wannan ne karo na biyu da miji ya mutu ya bar ta, kuma 'ya'ya huɗun da ta haifa da mijin farko duk sun riga ta tafiya. Da Washinton ba su haihu ba. Bayan rasuwarsa ta rufe ɗakin da suke kwana, ta koma wani ɗan ɗaki a can saman bene, ba ta sake kwana a wancan ba.

Sai takardu suka fara zuwa, daga majalisu, daga tsofaffin sojoji, daga ƙungiyoyi, daga lojoji. Wadda Ticha ke nufi ita ce ta babbar lojin jihar Massachusetts, mai kwanan wata 11 ga Janairu 1800. Mutum uku suka sa hannu: John Warren, Paul Revere da Josiah Bartlett. Sun yabi marigayin, sun nuna alhini, sun yi wa matar addu'ar samun dangana. Daga nan suka roƙi a ba su ɗan tsagin gashin kansa su ajiye don tunawa. Ba ita ta ba da amsa da hannunta ba. Sakataren mijinta, Tobias Lear, shi ya rubuta a madadinta ranar 27 ga watan, ya naɗe gashin a ciki. Paul Revere maƙerin azurfa da zinariya ne, sai ya ƙera wani ɗan tulu na zinariya da bai kai tsawon tafin hannu ba, aka sa gashin a ciki. Har yau yana hannun lojin a birnin Boston. Lojin Alexandria kuma agogon ɗakin kwanansa ne ya koma hannunsu, wanda aka ce likitan nan ya tsayar da shi daidai lokacin da rai ya fita.

Majalisar ƙasar ita ma ta aiko da tata ta'aziyyar ta hannun shugaban ƙasa na lokacin, John Adams, da roƙon da ya fi kowane nauyi: a ba su gawar su kai sabon babban birni su binne a ginin majalisa. Matar ta amince, ko da yake ta nuna abin ya yi mata ciwo. Ƙarshenta ba a ɗauke shi ba. Ramin da aka tanada a ƙarƙashin ginin majalisar babu kowa a ciki har gobe.

Da muka zo nan na ce wa 'yata ta dakata. Wannan ya zo da ta'aziyya ya tafi da gashi, wancan ya tafi da agogo, wancan yana neman gawa. Mu kuma littafi, hoto da sanda. Ba na cewa mugunta ce ta kawo su, kamar yadda mu ma ba mugunta ta kai mu ba. Ƙauna ce. Sai dai ƙungiya in ta yi rashin shugaba, nata rashin take ji, abin da zai riƙe sunanta take nema. Matar da ke bayan labule kuwa, ana ganin ta ne a matsayin mai riƙe da mabuɗin akwati.

Akwai wani abu kuma da ya fi kama da namu. A zamanin nan a Amurka, galibi wanda aka aiko wa wasiƙa shi ke biyan kuɗin gidan waya. Ke nan duk takardar ta'aziyyar da ta iso, da kuɗinta take isowa, ga kuma wahalar ba da amsa. Abin ya yi yawa har a watan Afrilu 1800 majalisa ta yi doka ta yafe wa Marta kuɗin wasiƙa, wadda za ta aika da wadda za a aiko mata, iya tsawon ranta. A duk abin da na karanta, wannan 'yar dokar da ba ta da kirari ita ce na ga ta sauke wa matar wani nauyi a zahiri. Kuɗin wasiƙarta shi ne buhunan shinkafar Hajiya.

Babbar damuwarta kuwa babu takardar da ta taɓo ta. A gonar akwai bayi sama da 300. Mijin ya bar wasiyya cewa nasa, mutum 123, a 'yanta su bayan mutuwar matarsa. Ka ga an bar tsohuwa a tsakiyar mutanen da suka san 'yancinsu na jiran ranar da za ta mutu. Hankalinta bai kwanta ba, sai ta sa hannu aka sake su tun tana raye, ranar 1 ga Janairu 1801. Sauran, waɗanda ke cikin gadon mijinta na farko, suka ci gaba da zama bayi, alhali da yawa sun yi auratayya da waɗanda aka saka; iyalai suka rabu. Su kam babu wanda ya aiko musu takarda. Marta ta rasu a watan Mayu 1802, bayan ta ƙone kusan duk wasiƙun da ke tsakaninta da mijinta. Ni dai a fahimtata, wannan ne kaɗai abin da ta hana duniya ɗauka.

Don in yi wa Ticha adalci: ya ce mini a lojinsu akwai mutum guda da aka naɗa, aikinsa ke nan, ya riƙe sunayen matan da mazansu suka mutu da marasa lafiya, ya riƙa leƙa su yana kawo rahoto. Na ce masa wannan ai namu ne muka yar. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, umarni ya yi a dafa abinci a kai wa iyalan Ja'afar, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Kowane almajiri ya san wannan. Mu kuma muka juya abin, gidan mamaci ke ciyar da gari.

Abin da muka yi bayan nan

Washegari da sassafe na je na sayar da kayan da ke rumfata a kan farashin da bai yi mini daɗi ba, na ƙara da abin da ke hannun uwargida, na kai wa Hajiya kuɗin buhu 20 a gaban limamin unguwa da ƙanin marigayi da ya zo daga gida. Na ce a soke sunana a gabana. Yayarta ta karɓa, daga ciki na ji ta ce, "Allah ya yi albarka, Malam Sakatare." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma ya fi mini duk yabon da aka yi wa takardata.

Ranar Lahadi na kira taro. Ban yi wa kowa wa'azi ba, labarina na bayar, na ce ga abin da na ci, ga ranar da na biya. Taron bai yi daɗi ba. Wani ya ce tona asiri ne, bashi tsakaninsa da Alhaji ne da Allah. Wani dattijo ya ba shi amsa cewa tun ranar Talata bashin ya tashi daga na Alhaji ya koma na marayu biyar da uwarsu. Wani ya ce shi ma yana bin Alhaji, amma ba a rubuce ba. Aka ce ya kawo shaida ko ya rantse a gaban liman, a biya shi kafin a raba gado, don haka shari'a ta tsara: a biya bashi, a zartar da wasiyya, sannan magada. Mutum ɗaya ya yi fushi ya fita, har yau bai dawo ƙungiya ba. Cikin mutum 14 da sunansu ke littafin daga cikinmu, 11 sun biya kafin arba'in, biyu suna biya kaɗan-kaɗan, ɗaya ya bar gari. Matan kasuwar nan Asantawa kuwa, da shugabarsu ta ji, ita da kanta ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta tattaro ta kawo. Abin ya ba mu kunya ƙwarai.

Da aka tattara, aka cire kuɗin manoman Galmi da ke bin kayan tirelar nan, aka cire ɓarnar albasar da ta ruɓe da abin da aka ci a makoki, abin da ya saura bai kai yadda mutane ke zato ba. Haka dukiyar ɗan kasuwa take, rabinta a bakin mutane take yawo. Hajiya kuma tumunin abin da ya saura ne rabonta tunda akwai 'ya'ya, ga haya, ga makarantar yara uku, ga ta a ƙasar da ba dangin uwa ba na uba. 'Yan'uwan marigayi sun so a kwashe yaran a koma gida. Yaran kuwa a nan aka haife su, Hausarsu ma ta zango ce. Ita ta ce za ta zauna. Da a ce an bar ta da sidi 3,000 da takardata, da ba ta da bakin faɗin haka.

Daga wannan rasuwar muka rubuta wasu ƙa'idoji a littafin ƙungiya. In ɗanmu ya rasu, ƙungiya ke ɗaukar abincin kwana uku, ba a hura wuta da kuɗin mamaci don baƙi. A ranar farko ake naɗa mutum biyu da za su tsaya a kan kayansa na rumfa da na hanya, su sayar, su rubuta, su kawo lissafi. Zamansu a kasuwa shi ne ta'aziyyarsu. Duk wanda mamaci ke bi zai bayyana kansa kafin bakwai, ya biya ko ya sa rana a gaban shaidu. Kuɗin asusu ya bar akwatin shugaba ya koma banki da sa hannun mutum uku, don kada a sake zuwa ana tambayar mai takaba lissafin da ba ta san hawa ba balle sauka. Wurin rumfarsa na iyalinsa ne har shekara guda, ba mai taɓawa. Sannan muka roƙi matanmu biyu dattijai su riƙa leƙa gidan duk wata, musamman bayan an fita takaba. Wata huɗu da kwana goma ɗin nan akwai masu shiga da fita. Bayan su ne gida ke yin shiru, a lokacin ne kuma kuɗin haya ke zuwa.

Ba duka muke cikawa ba, kada in yi ƙarya. Bara da wani ɗanmu ya rasu, sai da aka kai ruwa rana kafin kuɗin abincin ya haɗu. Amma tirelarsa ba ta kwana a ƙasa ba.

Gare ka, ɗan'uwa

Na san masu karanta wannan shafi suna Accra, suna Lome da Kwatano, suna Abijan, suna Yawunde da Njamena, kowa da ƙungiyarsa da sakatarensa mai biro irina. Ba cewa nake a daina rubuta takarda ko a daina zuwa da bas ba. Zuwa da kai ya fi saƙo, kuma Hajiya da kanta ta ce ganin taron nan ya sanyaya mata rai, ta san mijinta bai yi zaman banza a baƙon wuri ba. Abin da nake roƙo, kafin ku shiga ku durƙusa a gaban labule, ku tsaya a zaure ku tambayi juna: wa ke biyan abincin nan? Ina kayansa da ke hanya? Wane ne a cikinmu sunansa ke littafinsa? In za a roƙi wani abu na tunawa, a bari sai an fita takaba, in ta ga dama ta bayar.

Kai kuma maigida da ke da rai yau, ka rubuta. Wanda kake bi da wanda ke bin ka, ka rubuta, ka nuna wa mai ɗakinka inda littafin yake. Da Alhaji bai rubuta ba, da kunya da mantuwa sun cinye dukiyar marayunsa a hannun mutanen da suka fi kowa kuka a kansa, har da ni.

Babban ɗan nasa yanzu shi ke zaune a rumfar uban, kusa da tawa. Kalandar mun buga, tana rataye a ofis. Sandar tana gida, ƙaramin ne ke wasa da ita. Allah ya jiƙan Alhaji da dukkan magabatanmu, ya raya abin da suka bari, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani, ba da haƙƙin kowa a wuyanmu ba.